Sharhi: Saje, Kurtu da Filin Fareti

 Sharhinmu na yau zai leƙa wurin da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, amma muna da ɗa ko ƙane ko maƙwabci da ya shiga ya fito, wato filin fareti, inda ake karɓar farar hula a mayar da shi soja. Za mu yi magana a kan mutumin da ke riƙe da wannan fili, malamin kurata, mai igiya biyu ko uku a hannun riga, da labaran ban dariya da ake bayarwa a kansa.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan mazan jiya ya san yadda hirarsu take tafiya. Ka tambayi tsohon soja labarin fagen daga, sau da yawa sai ya amsa maka a taƙaice ya kawar da kai. Wanda ya je Laberiya ko Saliyo a rundunar ECOMOG, ko ya kwana cikin rami a dajin Sambisa, ba kasafai yake son tono abin da idonsa ya gani ba. Amma ka ce masa, "Baba, wane ne sajenku a Dafo?" Nan take fuskarsa za ta washe. Zai miƙe tsaye ya kwaikwayi tafiyar mutumin, da yadda yake karkata hula, da yadda yake jan numfashi kafin ya daka tsawa. Ya manta sunayen hafsoshi da yawa da ya yi aiki a ƙarƙashinsu, amma sunan wanda ya sa shi birgima a taɓo yana nan daram a kansa. To, me ya sa wahalar da ta sa matashi hawaye yana da shekara 19 take sa shi ƙyalƙyala dariya yana da shekara 60?

Bari mu fara da wurin. Makarantar horar da kuratan sojan ƙasa da ke Zariya, wadda kowa ya fi sani da Dafo, an kafa ta a 1924, ta haura shekara 100 ke nan tana aiki. A garin ne kuma aka buɗe makarantar soja ta yara a 1954, sannan a 1964 aka kafa makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna. Hafsa yana fitowa daga Kaduna da anini a kafaɗa, kurtu kuwa yana fitowa daga Zariya hannun rigarsa wayam, ba ko igiya ɗaya. Amma su duka biyun ta hannun saje da samanja suka bi, domin ko a makarantar hafsoshi masu igiya ne ke koyar da fareti.

A kowane zango ana ɗebo dubban matasa daga jihohi 36 da Abuja, galibinsu masu shekara 18 zuwa 22, a tara su wuri guda na kimanin wata 6. Ga ɗan Gumel, ga ɗan Ogoja, ga ɗan Biu, ga ɗan Ijebu Ode. Ga wanda bai taɓa wanke kwanon da ya ci abinci a ciki ba, ga wanda ya taso da fartanya a kafaɗa. Ranar farko mai aski ke fara karɓarsu. Sumar da aka yi wata da watanni ana tattalinta, ana shafa mata mai, nan da nan take zubewa ƙasa, kowa ya tashi da aski ƙwal-kwabo. Tsofaffin sojoji kan ce a ranar nan mutum kan wuce abokinsa da suka shigo mota ɗaya bai gane shi ba. Daga nan sai rabon kaki. Dogo ya sami wandon da ya tsaya masa a ƙwauri, gajere ya sami rigar da ta rufe masa gwiwa. Wanda ya kai kuka wurin kofur cewa takalmi ya yi masa yawa, amsar da yakan samu ita ce takalmin gwamnati ba ya kuskure, ƙafarsa ce ba ta cika ba.

Akwai labarin da kusan kowane zango yana da irinsa. Da safe saje zai fito fuska a sake, murya ƙasa-ƙasa, abin da kurata ba su saba gani ba. Ya ce, "Wa ya iya tuƙa mota a cikinku? Oga yana neman direbobi." Hannuwa su tashi sama, har da na waɗanda keke kaɗai suka taɓa hawa, kowa yana hango kansa a inuwar mota yayin da 'yan'uwansa ke gasuwa a rana. Saje ya zaɓi mutum shida, ya tambayi kowa irin motar da ya ƙware a kanta. Wannan ya ce tirela, wancan ya ce bas. Ya jera su, ya zagaya da su bayan kicin, ya nuna wa kowa baro cike da yashi, ya ce, "Ga motocinku nan. Mai tirela ya ɗauki babban. Kada in ji wanda ya sha kwana bai yi hon ba." Haka za su wuni suna tura baro suna yin hon da baki, sauran kurata suna kallo suna cije leɓe, domin duk wanda ya bari haƙorinsa ya fito, shi zai zama yaron mota.

Filin faretin kansa ba ya rabo da abin dariya a makonnin farko. Mutum ya shekara 20 yana tafiya da ƙafafunsa lafiya lau, amma da an ce ya tafi bisa umarni sai ya rikice, ya jefa hannun dama da ƙafar dama lokaci guda. A ce a juya dama, layi duka ya juya dama, mutum ɗaya ya juya hagu, ya tsinci kansa hanci da hanci da na kusa da shi. Saje ya taho a hankali, sanda a hammata, ya tsaya a gefensu ya ce, "To, ku gaisa mana, da alama an daɗe ba a haɗu ba." Wani sajen kan damƙa wa irin wannan kurtu dutse a hannun hagu, ya wuni da shi, ya ci abinci da shi, ya kwanta da shi, har sai ya daina rikita hagunsa da damansa.

Sai kuma tsayuwar ƙamewa, wadda ba a yarda ko yatsa ya motsa ba. Rana ta take, gumi yana gangarowa cikin ido, ƙuda ya zo ya sauka a kan hancin kurtu ya fara yawo. Ya daure, ya daure, da ya ga saje ya ba da baya sai ya kai hannu. Saje bai waiwayo ba, amma sai a ji muryarsa: "Kai na uku a layi na biyu, wa ya ba ka izinin korar baƙona?" Har gobe akwai tsofaffin sojojin da za su rantse maka cewa sajensu yana da ido a ƙeya. Asirin kuwa gogewa ce. Mutumin da ya yi shekaru a filin nan ya iya karanta inuwar layi a ƙasa, ya kuma san daidai lokacin da haƙurin sabon kurtu ke ƙarewa.

Labarin da ya fi kowanne zama a zuciyar kurata shi ne na bindiga. Ranar da aka damƙa wa kurtu bindigarsa, ana gaya masa ya haddace lambarta, kuma kada ta yi nisa da hannunsa, ko a wurin cin abinci ko a wurin kwana. Idan aka fita atisaye a daji, an wuni ana tafiya da kaya a baya, an haƙa ramuka, sai a raba gadi. Wajen ƙarfe 3 na dare, sanyin hunturun Zariya yana ratsa kaki, kurtun da ke gadi ya jingina da bishiya, ya ce bari ya ɗan runtsa. Ashe kofur yana kwance cikin ciyawa tun ɗazu, wannan lokacin yake jira. Ya ja ciki ya iso, ya zare bindigar daga tsakanin gwiwoyin mai barci a hankali, ya soka masa karan dawa a madadinta, ya koma yadda ya zo. Kurtu ya farka ya ji abin da ke hannunsa ba nauyi. Ya laluba dama, ya laluba hagu, cikinsa ya ɗuri ruwa, domin ya san ɓatar da makami laifi ne da ke kai mutum gaban kotun soja. Gari ya waye aka jeru, kowa da bindigarsa, shi da karan dawa. Saje ya bi layi yana duba makamai ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kansa. Ya karɓi karan da hannu biyu, ya rufe ido ɗaya ya leƙa bakinsa, ya juya shi sama da ƙasa, sannan ya ce, "Kurtu, yaushe rabonka da sa wa wannan mai?" Ranar nan da karan zai yi fareti, da shi zai gai da hafsa, kuma laƙabin da abokansa za su sa masa a ranar ya bi shi ke nan har ya yi ritaya.

Masu sauraro, mu ajiye dariyar gefe mu dubi abin da ke ƙarƙashinta. Kurtun nan ba zai ƙara barci a bakin gadi ba. Darasin da ya koya da karan dawa a dajin Zariya, da a bakin daga ya koye shi, da ransa da na abokansa da ke barci a bayansa zai biya. Masu baro sun koyi cewa soja ba ya neman hanyar zillewa ya bar 'yan'uwansa a rana, kuma ba ya da'awar abin da bai iya ba. Mai ƙuda a hanci ya koyi mallakar jikinsa, domin ranar da zai yi kwanton ɓauna, motsin hannu ɗaya ya isa ya tona asirin kowa. Faretin da wasu ke ɗauka adon ranar biki ne kawai, aikinsa shi ne ya saba wa jiki da bin umarni tun kafin tsoro ya sami bakin magana. Ita kanta tsawar da saje ke yi da dalilinta. Wanda ya saba kwance bindiga ya haɗa ta daidai ana masa ihu a kunne, hannunsa ba zai yi rawa ba ranar da ƙarar da ke kunnensa ta harsashi ce.

Haka ma dabarar nan ta hukunta kowa saboda laifin mutum ɗaya. Wani ya makara, a sa rukunin gaba ɗaya tsallen kwaɗo. Da farko haushin mai laifin ake ji. Bayan ɗan lokaci sai ka ga abin ya juya. Wanda ya riga tashi yana tashin na kusa da shi, wanda ya iya goge takalmi yana gyara wa wanda bai iya ba, ƙaƙƙarfa ya karɓi jakar wanda numfashinsa ya ƙare a gudun safe, kuma ba ya tambayar yarensa ko addininsa kafin ya karɓa. Musulmi ya riƙe wa Kirista aiki ranar Lahadi, Kirista ya ajiye wa mai azumi abincinsa har a sha ruwa. Saje ya yarda ya zama mutumin da kowa ke jin haushinsa, kuma wannan haushin ne ke fara haɗa kan yaran da a waje ba abin da zai haɗa su. A ƙasar da ake yawan raba mu da sunan ƙabila da addini, wannan babban aiki ne, kuma mai igiya uku ke yin sa, da albashin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan sana'a tana da dogon tarihi, kuma Hausawa suna tsakiyarsa. Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Legas, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma ba mu manta cewa da ita Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba. Shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki. Bature hafsa sai ya koye ta, haka ma kurtun da ya fito daga ƙasar Tibi ko Barno ko Zabarma. Turawan ƙalilan ne, saboda haka yawancin aikin mayar da manomi soja a hannun sajoji da samanjoji 'yan ƙasa yake. Sojan wancan zamani da jar dara yake fareti, ƙafa ba takalmi, kuma bulala tana cikin hukuncin da ake yi masa, har sai 1946 da aka soke ta.

Daga cikin samanjojin wancan lokaci, wanda sunansa ya fi fita shi ne Chari Maigumeri. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa, sannan ya shiga rundunar Ingila a 1917. Ya yi yaƙi a Habasha da Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ajiye aiki a 1953, kuma da sunansa ake kiran barikin soja da ke Lokoja. Dubban matasan da irin su Maigumeri suka horar ne suka tafi Burma a runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Barikin da Dafo ke cikinsa a Zariya sunansa Chindit, don tunawa da rundunar da bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a bayan layin Japanawa a 1944. Darajar horo ta sake bayyana a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar ta tashi daga mutum kusan 10,000 zuwa kusan 250,000, aka riƙa tura matasa bakin daga bayan horon 'yan makonni. Duk tsohon sojan da ya ga wancan zamani zai gaya maka cewa watannin da ake kwashewa a hannun saje rai suke saya wa kurtu.

Masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan hali na bariki. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023, ya shigo da shi har cikin ɗakunanmu ta wasan Samanja Mazan Fama, a rediyo da talabijin na Kaduna. Shi kansa ya yi aikin soja, shi ya sa tsawarsa da Hausarsa mai gauraye da Turancin bariki suka zauna daidai. Jama'a sun so Samanja ne saboda sun gane cewa bayan faɗan da zare idon akwai mutum mai son a yi abu bisa ƙa'ida, wanda ke ɗaukar yaransa a matsayin amana.

Tun 1973 kuma, da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, 'yan boko ma suna ɗanɗana muryar saje. Mako uku ne kacal a sansani, amma labarinsa ba ya ƙarewa. Begila ta tashe su tun kafin asuba, likita da lauya da injiniya su fito a guje cikin farar riga da farin wando, kofur yana bin su yana cewa duk wanda ke tafiya a hankali ya yi laifi. Ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 6 na yamma ana busa begilar ɗaga tuta da sauke ta, sojoji su ce Najeriya ce za ta tashi ko za ta kwanta, kowa ya ƙame inda yake. Sai ka ga mai bokitin ruwa a ka ta tsaya cak ruwa yana zuba mata a wuya, mai loma a hannu ya tsaya da ita a hanyar baki. Ranar rufe sansani, waɗanda suka fi kowa ƙorafi su ne ke rububin ɗaukar hoto da sojan da ya hana su barci.

To amma, jama'a, akwai labaran da ba a ba da su da dariya, kuma nan ne sharhinmu ya dosa. Idan ka saurari tsofaffin sojoji da kyau, za ka lura cewa labaran da suke maimaitawa cikin nishaɗi duk suna da kama ɗaya. Hukuncin yana da darasi a cikinsa, yana da iyaka, kuma da an gama an gama. Malamin da ya sa su gudu yana gaba yana gudun tare da su, ranar da ta gasa su ta gasa shi. Ya yi wa kurtu ba'a a kan kuskurensa, bai taɓa uwarsa ko addininsa ko ƙabilarsa ba. Sau da yawa labarin kan ƙare da cewa sajen nan da ya hana su sakat, shi ne ya goya wani zuwa asibiti ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, ko ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya ba wanda aka aiko masa da rasuwar mahaifi. Wannan shi ne horo. Dukan da ke barin rauni, da hana ruwa a zafin watan Afrilu, da zagin iyaye, da tatsar ɗan abin da ke aljihun kurtu, waɗannan zalunci ne. Wanda aka yi wa su ba ya ba da labari yana dariya, sai dai ya yi shiru, ko ya rama a kan wanda ya fi ƙarfi.

Manyan rundunonin duniya sun ga inda wuce iyaka ke kaiwa. A watan Afrilun 1956, a sansanin horar da sojojin kundumbala na Amurka da ke tsibirin Parris, wani malamin kurata ya kora yaransa cikin wani rafi da dare don ya hukunta su, mutum 6 suka nutse. An gurfanar da shi gaban kotun soja, aka kuma sake tsarin zaɓen malamai da sa musu ido. A nan gida, dokar rundunonin soja ta hana na sama dukan na ƙasa da shi ko gallaza masa, kuma tun 2017 Najeriya tana da dokar da ta haramta azabtarwa a kowane hali.

Abin da ya fi taɓa talaka shi ne lokacin da gwale-gwalen bariki ya tsallako titi. Tsallen kwaɗo a filin fareti yana da ma'ana, domin wanda ake sa wa matashi ne da likita ya duba lafiyarsa, da ƙafarsa ya kawo kansa, kuma ana shirya shi ne don aikin da ke buƙatar juriya. Dattijon direba a shingen bincike, ko ɗan acaɓa, ko ɗan kasuwa, ba kurtun kowa ba ne. A watan Fabrairun 2017 an ga hoton bidiyon wasu sojoji biyu suna dukan wani gurgu a Onitsha saboda ya sa kaya masu kama da na soja. Rundunar ta kama su, ta rage musu muƙami, ta ɗaure su kwana 21. Matakin ya yi daidai, kuma ya tabbatar da cewa cin zalin farar hula saɓa wa horo ne. Sojan da ya iya daurewa ƙuda yana yawo a hancinsa bai motsa ba, ya kamata ya iya daure wa maganar farar hula bai ɗaga hannu ba.

Saboda haka kiranmu na farko ga hukumomin soja yake. A riƙa zaɓen malaman kurata da idon basira, a ɗauko masu haƙuri da sanin aiki, waɗanda ba su da tabon cin zali. A kyautata musu albashi da muhalli, a ba su hutu, domin mutumin da ke tashi kafin kurata ya kwanta bayansu wata da watanni, gajiya kan iya sa shi abin da bai yi niyya ba. A wadata filin horo da ruwan sha da jami'an lafiya, musamman lokacin bazara. A buɗe wa kurtu ƙofar kai ƙara wadda ba za ta jawo masa ramuwa ba. A kuma koya masa haƙƙin farar hula da irin nacin da ake koya masa lambar bindigarsa.

Ga ku malaman kurata, sajoji da kofurori da samanjoji, muna jinjina muku. Ba a cika ambaton sunanku ranar bikin yaye ɗalibai ba, manyan baƙi ake tafa wa, amma kowane sahu da ya wuce a miƙe aikin hannunku ne. Ku tuna cewa kowane yaro da ke gabanku uwa ce ta sallamo shi da addu'a. Ku matsa masa har ya san abin da jikinsa zai iya, ku bar masa mutuncinsa ya fita da shi.

Ga matasan da ke shirin shiga, ku tafi da ƙoshin lafiya da niyya mai kyau, kada ku ɓoye wa likita ciwo don a ɗauke ku. Ku sani tsawar da za ku sha ba ƙiyayya ba ce, kuma in saje ya fito da fara'a yana neman direbobi, ku faɗi gaskiyar abin da kuka iya. Ga sauran jama'a kuma, wanda ke da tsohon soja a gida ko a unguwa, kada ya jira sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kafin ya leƙa shi. Ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta abin da suka faɗa, domin sojojin Burma sun kusa ƙarewa, na yaƙin basasa ma tsufa ya cim musu, kuma tarihin ƙaramin soja ba a cika samunsa a littafi ba.

Ƙasar nan tana buƙatar sojan da zai tsaya daram a gaban ɗan ta'adda, ya kuma sassauta murya a gaban talaka, kuma a filin fareti ake gina shi. Muna roƙon hukuma da malaman kurata su riƙe wannan amana da adalci. Allah ya kare sojojinmu da ke bakin daga, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.